Shin akwai haɗari a rage wa tsohuwar bas ɗin kwana ta Volkswagen tsayi?

Tambaya: Ina da ƙaramar bas ta Volkswagen ƙirar T2 ta 1973, irin wadda aka yi wa gado da wurin girki a ciki, kuma da ita nake tafiye-tafiye da iyalina. Ina son a sauke ta kamar santimita 10 gaba da baya, domin ta ƙara kyau kuma iska ta daina kaɗa ta a babbar hanya. Wani bakanike ya ce mini aikin yini ɗaya ne. Shin akwai haɗari a yin haka?

Amsa: Malam, akwai haɗari, kuma girmansa ya danganta da yawan abin da aka sauke da hanyar da aka bi. Idan santimita 4 zuwa 6 ne, da kayan da aka ƙera domin wannan aiki, a hannun wanda ya san ƙafar wannan mota, to ana iya yi motar ta ci gaba da tafiya lafiya. Santimita 10 kuwa, a motar da ke ɗaukar iyali da kaya, ya wuce aikin yini ɗaya nesa ba kusa ba, domin a wannan mataki kusan duk abin da ke ƙarƙashin gaban motar sai an sake masa lissafi. Wanda ya ce maka zai gama da yamma, sauke motar kawai zai yi, sauran matsalolin kuma a hanya za ka haɗu da su.

Dalilinka na biyu yana da ƙamshin gaskiya. Motar doguwa ce, gefenta shafaffe ne, injinta yana can baya, saboda haka iskar da ta bugo ta daga gefe takan ture hancinta, musamman idan babbar mota ta wuce ta. Sauke ta yana kawo nauyinta kusa da ƙasa, ya rage mata jirkicewa a kwana. Sai dai yawancin yawon da waɗannan motoci ke yi a kan titi daga tsufan kaya yake fitowa: akwatin sitiyari da ya yi lako-lako, shokazoba da ta mutu, robobin da suka ruɓe, da tayoyin ƙaramar mota masu laushin gefe da aka saka mata a maimakon nata. A fara gyara waɗannan. Sau da yawa mai motar yakan ga cewa abin da yake nema ya samu ba tare da an taɓa tsayinta ba.

Kafin a fahimci haɗarin sai an san yadda ƙafar motar take. T1, mai gilashin gaba biyu, wadda aka ƙera a Jamus daga 1950 zuwa 1967, da T2 irin taka, wadda ta biyo baya har zuwa 1979, duk ba su da sifirin mai naɗi. A gaba akwai manyan bututu biyu da suka ratsa motar daga gefe zuwa gefe, ɗaya a kan ɗaya, a cikin kowanne an jera siraran ɓarayen ƙarfe an ɗaure su a tsakiya. Hannuwan da ke riƙe da taya suna maƙale a bakin waɗannan ɓaraye, don haka idan taya ta hau tudu hannun yakan ɗaga ya murɗa ƙarfen, ƙarfen kuma ya mayar da shi. A baya ma murɗa ce, amma sanda guda ce zagayayya a kowane ɓangare. Injiniyoyin sun ajiye hannuwan a wani kusurwa da zai ba taya damar tafiya sama gwargwado, ta tafi ƙasa gwargwado, kuma duk sauran kayan, daga boljoyin (gaɓar da ke haɗa hannun da ƙarfen da taya ke juyawa a kai) zuwa tayirod (sandar da ke kai motsin sitiyari ga taya) da shokazoba da tiyon birki, an auna su ne da wannan kusurwa.

A nan gizo ke saƙar. Idan aka sauke motar ta hanyar juya waɗannan ɓaraye, abin da aka cinye shi ne filin da taya take da shi na tafiya sama. Kowace santimita da motar ta sauka, an zare ta ne daga wannan fili. Mu ɗauka kana tafiya da kaya cike, wani ya tsaya a gabanka ba zato, ka danna birki da ƙarfi. Nauyin motar zai zubo gaba, hancinta ya dulmiya, hannuwan su tafi sama har su zauna a kan robar da ke tare su. Idan a wannan daƙiƙa taya ta faɗa ƙaramin rami, babu sauran sifirin da zai shanye bugun. Ƙarfe ne zai bugi ƙarfe, tayar ta yi tsalle ta bar kwalta, kuma tayar da ke sama ba ta birki, ba ta juya mota. Kamar mutum ne da ya diro daga bisa alhali gwiwoyinsa sun riga sun lanƙwashe har ƙarshe. A tafiyar yau da kullum direba ba zai ji komai ba face ɗan tauri, shi ya sa masu irin waɗannan motoci sukan rantse cewa tasu lafiya lau take. Aibin yana jiran ranar da aka fi bukatar ƙafar ne.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a T2 shi ne boljoyin. Guda huɗu ne a gaba, biyu a kowace taya, kuma kowanne yana da iyakar da sandarsa za ta iya karkata a cikin kwaskonta. Idan an sauke motar da yawa, sandar takan zauna dab da wannan iyaka tun motar tana tsaye, sai ya zama a kowane tudu bakin kwaskon ne ke tsayar da ƙafar, ba robar da aka tanada ba. Wanda ya zare irin wannan boljoyin ya share masa giris zai ga wani ɗan gurbi mai sheƙi a wuyan sandar, inda take ta bugun bakin kwasko. Wannan gurbi shi ne mafarin karaya. Ranar da ta karye ko ta fice, tayar takan kwanta a ƙarƙashin motar, a wurin da direba yake zaune a kai. Akwai boljoyin da ake sayarwa masu faɗin karkata domin motocin da aka sauke, suna taimakawa, amma ingancinsu ya bambanta ƙwarai, kuma ba su mayar da filin da aka cinye.

Sai tayirod. A asali suna tafiya tare da hannuwan taya, yadda idan taya ta hau ko ta sauka ba za ta juya da kanta ba. Da zarar an sauke motar sukan miƙe sama daga tsakiya zuwa gefe, sai kowane motsi na ƙafa ya riƙa jan tayar ciki ko waje ba tare da direba ya taɓa sitiyari ba. A hanya mai gargada motar takan riƙa fizgar kanta hagu da dama. Idan saukewar ta yi yawa tayirod yakan kai ga bugun ƙarfen shasi da ke samansa, ya lanƙwashe a hankali. Maganin da masu aikin ke yi shi ne su juya kawunan tayirod su shigo ta ƙasa, ko su yanke gurbi a shasin su yi masa ƙarin ƙarfe. Yankan shasin motar da ta haura shekara 50, wadda tsatsa ta riga ta ci daga ciki, ba aikin kowane mai walda ba ne.

Hanyoyin sauke gaba ba ɗaya suke ba wajen haɗari. Mafi muni shi ne zare wasu daga cikin ɓarayen, domin motar takan sauka kuma sifirin ɗinta ya yi laushi a lokaci guda, wato an rage fili an kuma rage ƙarfin da zai hana a cinye ragowar. Wannan gyaran gangar Auzinawa ne, kada ka yarda da shi ko kyauta ne. Na biyu shi ne a yanke tsakiyar bututun a juya shi a sake walda, ko a dasa masa abin daidaitawa mai haƙora wanda zai ba da damar ɗagawa da saukewa daga baya. Wannan ya fi, amma duk matsalolin da na ambata suna nan, kuma rayuwar mutane ta koma kan ingancin waldar da aka yi a tsohon bututu. Hanyar da na fi yarda da ita ita ce sauya ƙarfen da taya ke juyawa a kai da wanda aka ƙera sandarsa ta hau sama, yawanci da santimita 6 zuwa 9. Da shi hannuwa da boljoyin da shokazoba duk suna zama a kusurwarsu ta asali, taya ce kaɗai ke matsawa sama. A nemi wanda aka ƙera a masana'anta mai takardar gwaji, a guji wanda aka yanka aka haɗa a gareji.

Wannan hanya ma tana da nata cikas. Tunda ƙafar tana da cikakken filinta, tayar kuma ta matsa sama, to a babban tudu za ta kai inda ba ta taɓa kaiwa ba, wato rufin ramin taya. A wannan mota ramin tayar gaba shi ne gindin kujerar direba da ta mai zaman gaba. Idan taya ta cije a can a tsakiyar kwana, sitiyari yakan ƙi juyawa na ɗan lokaci, bakin ƙarfe kuma yana iya yanka ta. Don gudun haka wasu sukan taƙaita faɗin bututun gaba domin tayoyin su shige ciki, wanda ke rage faɗin tsayuwar mota mai tsayi, sau da yawa kuma ya tilasta a cire sandar da ke hana jirkicewa. Ka ga ke nan an mayar da jirkicewar da aka ce ana gudu.

Mafi yawan mutane kuwa ƙaramar taya suke sakawa, kuma a ganina wannan ne kuskuren da ya fi yaɗuwa. Tayar da ta dace da motarka ita ce 185 R14 C, tayar motar kaya, wadda yawanci ake rubuta wa lambar nauyi 102/100, ma'ana kowace ɗaya tana ɗaukar kilo 850. Siririyar tayar ƙaramar mota mai lamba 82 kilo 475 kawai take ɗauka, mai lamba 88 kuma kilo 560. Motarka idan ta cika takan haura tan 2, kuma fiye da rabin wannan nauyi yana kan tayoyin baya, inda inji da akwatin giya da tankin mai suke. Lissafin a bayyane yake: tayar baya mai lamba 82 tana aiki ne fiye da ƙarfinta tun daga ƙofar gida. Irin wannan taya takan yi zafi a doguwar tafiya, zarenta ya rabu daga ciki, ta fashe ba tare da wani gargaɗi ba. Fashewar tayar baya a mota mai inji a baya na cikin abubuwan da suka fi wuyar shawo kai.

Fashewar taya ta kawo mu ga wata ƙa'ida da duk mai sauke mota ya kamata ya sani: kada wani abu a ƙarƙashin motar ya fi bakin rim kusa da ƙasa. Dalili shi ne idan iska ta fita motar takan sauka ta zauna a kan rim, kuma muddin rim ne ya fara taɓa ƙasa direba yana da sauran iko. Idan bututun gaba ne ko akwatin sitiyari ya riga shi, motar za ta zame a kan ƙarfe, tayar da ta rage kuma ta rasa riƙo. A T2 akwatin sitiyari yana gaban tayoyi, ƙasa-ƙasa, tukunyar man birki ma tana ƙarƙashin daɓen direba da bututunta. Su ne za su fara gaisawa da tudun rage gudu ko murfin magudana da ya ɗan taso. Gwajin ba shi da wuya: a shimfiɗaɗɗiyar kwalta a sace iskar ɗaya daga cikin tayoyin gaba tas, a kwanta a leƙa, a ga abin da ya rage tsakanin kwalta da mafi ƙasƙancin ƙarfe. Idan tafin hannu ba zai shiga ba, motar ta sauka fiye da kima.

Baya ya fi sauƙin saukewa, shi ya sa aka fi yin ganganci da shi. Sandar murɗa tana da haƙora 44 a kan da ke ciki da 48 a kan da ke waje. Haƙori ɗaya na waje digiri 7.5 ne, wanda ke sauke motar kamar santimita 5 zuwa 6, kuma ta hanyar juya na ciki gaba, na waje baya, ana samun ƙaramin gyara na ƙasa da digiri ɗaya. Haƙori ɗaya motar tana iya ɗauka. Biyu kuwa sukan zaunar da ita a kan robar tarewa, sai a yanke robar, sai tayoyin su karkata samansu ya shige ciki, su riƙa cinyewa ta gefen da ido ba ya gani. Daga waje tayar sabuwa ce, daga ciki waya ta fito. Akwai kuma abin da ba a tunawa sai a bakin hanya: tayar baya da ta shige cikin bodi ba ta fitowa da ƙaramin jak, wani lokaci ma jak ɗin ba ya shiga ƙarƙashin motar idan tayar ta sace. Shi kansa aikin yana da haɗari, domin farantin da ke bakin sandar yana ɗaure da ƙarfin murɗa, idan ya kuɓuce daga mazauninsa yana karya hannu ko ƙafa. 

Dole ne kuma gaba da baya su sauka daidai. Tazarar da ke tsakanin tayar gaba da ta baya mita 2.4 ce, don haka idan gaba ya fi baya sauka da santimita 4 da ɗan ɗoriya, motar ta sunkuya da digiri ɗaya cur. Wannan digiri ana cire shi ne kai tsaye daga kishingiɗar da ke sa sitiyari ya koma tsakiya da kansa, wadda dama 'yan digiri kaɗan ce, sai motar ta ƙara yawo a gudu, abin da kake son magancewa. Hasken fitila ma a nisan mita 50 zai faɗi da kusan santimita 87. Na uku shi ne birki. Motocin da ke da faifan birki a gaba, wato daga ƙirar 1971, suna da wata na'ura a layin birkin baya mai ɗauke da ƙwallon ƙarfe a kan gangara. Idan aka taka birki da ƙarfi ƙwallon yakan gangaro gaba ya hau, ya toshe hanya domin kada tayoyin baya su cije. Na'urar ta dogara ne da kusurwar da motar take zaune. Idan hanci ya sunkuya za ta toshe da wuri, birkin baya ya ragu, nisan tsayawa ya ƙaru. Idan baya ne ya fi zama za ta makara, tayoyin baya su riga na gaba cijewa, motar ta juya.

Kada a manta cewa hotunan da ke ba mutane sha'awa yawanci na motocin nuni ne, babu kowa a ciki, babu komai. Taka tana ɗauke da katako, katifa, tukunyar gas, batir na biyu, ruwa wanda kowace lita kilo ɗaya ce, ga mutane da jakunkunansu. Tsayin da ya kamata a auna shi ne na ranar tafiya. Idan kuma akwai tankin ruwa ko bututun gas ko na'urar ɗumama ɗaki da aka maƙala a ƙarƙashin daɓe, su ma sun sauka tare da motar, haka salansa da gindin inji. Wuraren da ake zuwa da irin wannan mota kuma, filayen ciyawa da hanyoyin burji da gangaren shiga jirgin fito, su ne ainihin inda tsayi ke da amfani.

Batun doka ya danganta da ƙasar da motar take. A Jamus dole ne masu binciken mota irin su TÜV su duba irin wannan sauyi a shigar da shi cikin takardu. A Birtaniya tun 2018 motar da ta kai shekara 40 ba ta bukatar gwajin shekara-shekara, amma wannan sassauci bai shafi wadda aka yi wa babban sauyi cikin shekaru 30 da suka wuce ba, kuma sauya irin ƙafar ko ta sitiyari na iya shiga wannan sahu. Ko'ina kake, ka sanar da kamfanin inshora a rubuce kafin a fara aikin, domin sauyin da aka ɓoye hujja ce ta ƙin biya idan tsautsayi ya auku.

Da motar tawa ce, ga yadda zan bi da ita. Zan fara da duba bututun gaba da ƙarafan shasi, a ƙwanƙwasa da guduma a ji inda tsatsa ta ci, a sabunta boljoyin da kawunan tayirod da tiyon birki, a saka tayoyin da suka dace, a yi tafiya da ita haka. Idan har yanzu ana son saukewa, to kada a wuce santimita 6: sabon ƙarfen taya a gaba, haƙori ɗaya ko ƙasa da haka a baya, shokazoba mai tsawon da ya dace, robobin tarewa kuma a bar su a wurinsu. Kafin a mayar da ɓarayen murɗa, a sa bakaniken ya ɗaga kowace taya da jak daga ƙasa har ƙarshen tafiyarta, yana juya sitiyari ƙarshen hagu da ƙarshen dama, kai kuma kana tsaye kana kallo. Abin da zai tsayar da ita ya zama roba, ba boljoyin ko shokazoba ko rufin rami ba, kuma tiyon birki kada ya miƙe ko ya gogi wani abu. Bayan an haɗa, a yi awon daidaiton tayoyi huɗu, a gyara fitilu, a kai ta ma'aunin manyan motoci da kayan tafiya cike a auna gaba daban baya daban, a gwada da lambar da ke jikin taya. A ƙarshe a shafa alli a cikin ramin kowace taya, a zagaya da ita a hanya mai gargada da mutane a ciki, sannan a leƙa. Duk inda allin ya goge taya tana taɓawa, kuma sai an ɗaga motar ko an gyara wurin kafin iyali su shiga.